Maganin Inna a Firjin Gwamnati

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya gajiyar taro? Na ce taro, don na san yanzu haka kana cikin wani. Na kira wayarka har yatsana ya gaji, kullum sai sakataren nan naka mai magana ta hanci ya ce Oga yana mitin. Shi ya sa na koma tsohuwar hanya, na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda. In ita ma sai ta jira a tashi daga mitin, to ta jira, ita ba ta da katin da zai ƙare.

Albishirinka. Inna ta dawo mutum. Tun da likitan babban asibiti ya mayar da ita kan allurar insulin safe da yamma, yawan fitsarin ya ragu, jirin ya tafi, har ta samu ƙarfin zama a shagona tana kushe mini ɗinki. Jiya ta ɗaga rigar wata kwastoma a gaban matar, ta ce wannan hannun na aljani na yanka wa.

Matsalar dai maganin ba ya son zafi, likita ya ce lallai a ajiye shi cikin firji. Ka kuwa san wutar unguwarmu, baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. Allah ya haɗa mu da Sista, wadda ke riƙe da ƙaramin asibitin nan na ƙarshen layi. Ka tuna firjin rigakafi mai aiki da hasken rana da ma'aikatarku ta kawo musu? To a can ƙasansa ta ajiye wata roba mai murfi, kwalbar kowa da sunansa a jikin filasta. Ba Inna kaɗai ba, akwai tsoho mai gyaran keke, da matar mai burodi, da wani malamin makaranta da ya yi ritaya. Kowace safiya Inna za ta ɗauki sandarta ta taka har can, Sista ta yi mata allura, su zauna a benci su da sauran suna gulmar ƙafafuwansu. Da yamma ma haka. Ko sisi matar nan ba ta taɓa karɓa ba. Na ɗinka mata riga, sai da muka kusa yin faɗa kafin ta amsa.

Roƙona ɗaya. Kai da ke zama da manya, ka ambaci sunanta mana a wajensu. Ko takardar yabo ce a ba ta, ta maƙala a bango. Inna ta cika wa mutanen benci kunne da cewa ɗanta ne babba a ma'aikatar lafiya, ka ga ya kamata a gani a ƙasa.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi mai sukari, gado ne abin. A gaida Anti.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso ni, na kuma yi farin ciki da samun sauƙin Inna. Allah ya ƙara afuwa.

Ki yi haƙuri da batun waya. A wannan zangon ma'aikata ta ware abubuwan da ta ba fifiko, wato rigakafin yara, da lafiyar masu ciki, da zazzaɓin cizon sauro, kuma ni aka ɗora wa haɗa kan asibitoci da ƙungiyoyin da ke ba mu tallafi. Ba ni da lokacin kaina.

Labarin ma'aikaciyar da kika ambata ya ja hankalina sosai. Domin in gabatar da shi yadda ya dace, ina buƙatar ƙarin bayani. Tun yaushe ta fara ajiyar? A cikin firjin rigakafin ne sosai, ko a wani daban? Sau nawa ake buɗe shi saboda su a rana? Akwai wanda ya ba ta izini daga sama? Ki rubuto mini dalla-dalla, kuma kada ki gaya mata tukuna.

Ki gaida Inna, ki ce ta ci gaba da sa ni a addu'a, akwai maganar ƙarin girma a gaba.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum, da gaisuwa irin ta kullum. Kai, ashe dai kana amsa wasiƙa! Na karanta wa Inna sau biyu, ta sa na ajiye mata ita ƙarƙashin filo.

Ga amsoshinka, ranka ya daɗe. Ta fara tun kafin mu, da mai gyaran keke, ya kai shekara da wani abu. Cikin firjin rigakafin ne sosai, wane na daban, ai shi kenan gare su. Buɗewa kuwa safe da yamma ne, ta ciro robar ta rufe da sauri kamar wadda ta sato. Izini kuma ban sani ba, ni dai na san izinin Allah ta bi.

Ban gaya mata ba. So nake in ga fuskarta ranar da takardar yabon za ta zo, don matar akwai kunya.

Inna tana sa maka albarka, ta ce girma kuwa kamar ka samu.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ni ce Sista. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki. Ki yafe ni, na tafi ban yi muku sallama ba. Ranar da abin ya faru kina kasuwa sayen yadi, washegari kuma da sassafe na kwashe kayana. An mayar da ni wani asibiti can bayan gari, inda mota ba ta shiga in an yi ruwa, an kuma ba ni takardar gargaɗi.

Na san kin ji a bakin mutane, amma gara ki ji daga nawa. Masu duba aiki ne suka zo cikin fararen motoci. Ba su kalli ɗakin haihuwa ba, ba su tambayi komai ba, kai tsaye suka nufi firji. Shugabansu ya durƙusa ya jawo robar kamar shi ya ajiye ta. Suka fito da kwalaben baranda, suka jera su kan tebur cikin rana don hoto ya fita da kyau. Na ce don Allah su bari in sa su a inuwa, aka ce in tsaya gefe.

Inna tana kan benci tana jiran allurarta. Ta gaishe su da fara'a, ta ce musu ai ɗanta ma abokin aikinsu ne, ta faɗi muƙaminsa. Suka dubi juna. Ɗaya ya juya baya yana danne dariya.

A bakin wannan na ji sauran. Ya ce a babban taron da aka yi da masu ba da tallafi, ana ƙorafin cewa asibitoci suna wasa da firjin rigakafi, sai yayanki ya miƙe ya ce shi ba zai rufa wa kowa asiri ba, ko a asibitin da mahaifiyarsa ke zuwa ana yi, yana da cikakken bayani a rubuce. Ya ce an daɗe ana tafa masa.

Ban ce na yi daidai ba. Na san doka ta hana. Na sha rubutawa sama ina neman a ba mu izini ko a ba mu wani ƙaramin firji don masu suga, ba a taɓa amsa mini ba, ni kuma ga tsofaffi a gabana. Ba na riƙe ki a zuciya, na san da alheri kika yi. Amma ban ɓoye miki ba, na yi kuka, don na tsufa a aikin nan ban taɓa samun gargaɗi ba.

Ki kula da ƙafafuwan Inna, ki duba tsakanin yatsu kullum. In kin ga maganin ya canza launi ko ya yi gudaji, kada ki yi mata shi. Ki koyi yin allurar da kanki, wanda aka kawo a madadina ba zai yi ba.

Taki,
Sista

*

Yaya,

Sallama ce kawai zan yi maka, don ita hakkin kowane mutum ce. Assalamu alaikum.

Ashe takardar yabon kenan? Ni 'yasu! Na zauna ina lissafa maka safe da yamma, ina murna kamar wawuya, ashe wuƙa nake wasa maka. Ka rasa abin da za ka taka ka hau sama sai kwalbar uwarka? An tafa maka, ko? Da kyau. Ina fatan tafin ya yi maka daɗi, don a nan ma ana tafa hannu in na wuce, amma na salati.

Ka san abin da ka bari a baya? Sabon da aka kawo wani saurayi ne mai ƙamshin turare, ya sa wa firjin kwaɗo, makullin a wuyansa. Inna ta taka har can da sandarta, ya ce mata ciwon suga ba ya cikin abubuwan da aka ba fifiko, ta je babban asibiti. Babban asibitin da sai mun shiga mota biyu. Safe da yamma za ta riƙa shiga mota biyu? An ɗauke bencin ma, wai yana tare hanyar masu kawo yara.

Matar mai burodi ta zo har shago ta karɓe yadinta ba a ɗinka ba. Ta ce a gaban kowa, gidanku ne kuka ci amanar Sista. Na bar ta ta tafi, ni da ba a taɓa kayar da ni a faɗa ba, don gaskiya ta faɗa.

Yanzu ni nake yi wa Inna allura. Ni da na saba soka allura a yadi, yau ga ni ina soka ta a cikin uwata. Maganin yana cikin kwano da ruwa a ƙarƙashin gado, ɗakin kuwa ka san shi, rufin kwano ne, da rana kamar tanda.

Abu ɗaya nake so. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Layi biyu ka rubuta a buɗe musu firjin nan, a dawo da Sista. Na san kana iyawa, tunda magana biyu ka yi a taro aka kore ta.

Inna ba ta san kai ne ba. Mutane suna jin nauyin tsufanta, ba wanda ya gaya mata. Tana sa maka albarka kamar kullum, na rubuta ne don ta ce in rubuta.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki, na kuma yi miki uzuri kan kalaman da ke ciki, don na san ba ki da masaniyar yadda aikin gwamnati yake.

Bari in fahimtar da ke a sauƙaƙe. Firjin nan ba namu ba ne mu kaɗai, da sharaɗi aka ba mu shi. Duk buɗewa ɗaya tana rage sanyi, in ruwan rigakafi ya lalace ba ya nunawa a ido, sai a yi wa yaro allurar banza, ƙyanda ta zo ta ɗauke shi. Haka kuma ma'aikaci mai gaggawa yana iya ɗaukar kwalbar insulin a zaton ta rigakafi ce, ya soka wa jariri. Da masu tallafi sun gano da kansu, da sun janye daga yankin gaba ɗaya. Abin da na yi ya ceci shirin.

Tsari ba ya duba fuska. Yana duba shekarun rayuwar da za a ceto. Inna ta ci zamaninta, haka ma sauran da kika lissafa, jariran da ke layi kuwa yanzu suka fara. Ba daɗi faɗar haka, amma wani dole ya faɗa, kuma ba daga kan keken ɗinki ake hango irin wannan ba.

Ba zan rubuta abin da kika nema ba. Ranar da na buɗe firji don mahaifiyata, ranar maganata ta mutu a ma'aikata. Ita kuma ma'aikaciyar ta san doka ta karya. Sannan ki daina cewa ni na ɓata. Ban je asibitin ba, ban leƙa firjin ba. Duk abin da na gabatar, rubutun hannunki ne.

Game da maganin, ki samu tukunyar ƙasa ki sa cikin wata babba, ki zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Muna da ƙasida a kan haka, na haɗo miki. Na kuma sayi ƙaramin firji, direba zai kawo. Batun masu suga yana cikin abin da za a duba a zango na gaba.

Ina umartarki a matsayina na yayanki, kada Inna ta ji sunana cikin wannan magana. Hawan jininta ba zai ɗauka ba, in wani abu ya same ta, ke ce.

An tabbatar mini da ƙarin girman. Ki gaya mata wannan.

Yayanki

*

Ranka ya daɗe Darakta,

Assalamu alaikum. Ina taya ka murna. Na gaya wa Inna, ta yi guɗa da 'yar muryar da ta rage mata.

Firjinka ya iso, fari tas, har da ledarsa. Tun da ya zo, sau ɗaya ya yi ƙugi, wuta ta ɗauke kafin ya yi sanyi. Taransifomar layinmu ta ƙone, masu wuta sun ce sai an duba a zango na gaba, ina jin makaranta ɗaya kuka yi. Inna ta sa na ɗinka masa mayafi mai baki, ta ɗora hotonka a kai. Duk wanda ya zo dubiya sai ta nuna masa abin da ɗanta ya aiko. A ciki nake ajiye zare, ɓera ba ya shiga.

Tukunyar ma na yi yadda ƙasidarka ta ce. Ta taimaka da farko. Da zafin nan ya tsananta, yashin kafin azahar ya bushe, ni kuma ina shago ina neman abin da za mu ci. Kwalba ta yi gudaji na zubar, na je babban asibiti aka ce sai ranar masu suga, na dawo na buɗe ta ƙarshe. A ido lafiyarta ƙalau. Ina yi mata allura, suga yana hawa kamar ruwa nake soka mata. Ashe ba ruwan rigakafi kaɗai ke lalacewa ba ya nunawa ba.

Inna ta taka fil a shagona, ba ta ji ba, sai da na ga jini a tabarma. Yanzu babban yatsan ya yi baƙi, ɗakin yana wari, ina ƙona turare don kada ta ji kunyar baƙi. Likita yana maganar yanke ƙafa in jikinta zai ɗauka. Mai gyaran keke ya rasu makon jiya. Shi ba shi da ɗa darakta, ko firjin ajiye zare bai samu ba.

Na bi umarninka, ban gaya mata ba. Amma tunda kana son bayani dalla-dalla, ga shi. Duk bayan salla, a zaune take yi yanzu, sai ta ɗaga hannu ta sa maka albarka, ta roƙa maka ɗaukaka kai da 'ya'yanka. In ta gama sai ta juya kan wanda ya sa aka fitar da maganinsu rana aka kori Sista. Ta ce ba ta san shi ba, amma Allah ya san shi. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, ba ta yafe ba duniya da lahira, Allah ya ɗanɗana masa ciwo a inda ba mai buɗe masa ƙofa. Sai ta ce, Auta, ki ce amin mana.

Ni kuwa ka san ban taɓa yi wa Inna musu ba.

Tana sa maka albarka.

Auta

*

Auta,

Salam. Innalillahi. Me kike yi haka? Kina zaune uwa tana yi wa ɗanta baki, kina amsawa? Wace irin zuciya ce da ke? Tun da na karanta takardarki abinci bai wuce mini ba.

Ki hana ta. Ki ce mata mutumin aikinsa ya yi, ki ce yana da iyali, ki ce yafiya ta fi ga mara lafiya. Ki lallashe ta ta furta cewa ta yafe masa, ko da sau ɗaya ne. Amma kada ki ambaci sunana, ni zan gaya mata da bakina, in durƙusa a gabanta. Na yi magana da wani likita, za a ba ta gado a babban asibiti.

Da yau zan taso, sai dai ranar Litinin ake ƙaddamar da gangamin rigakafi, ni ne mai jawabi, manyan baƙi sun riga sun iso. Ana gamawa zan kamo hanya. Don Allah, Auta. Don darajar nonon da muka sha. Ki riƙe mini ita.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Inna ta rasu ranar Litinin da hantsi. Na kira, sakatarenka ya ce Oga yana kan jawabi. An kai ta makwancinta. Sista ta zo, ita ta taya ni yi mata wanka.

Na isar da saƙonka tun tana gane mutane. Na ce ta yafe wa kowa. Ta ce ta yafe mini, ta yafe wa maƙwabta, kai kuma ta ce ba ka taɓa ɓata mata ba ko sau ɗaya, Allah ya yi maka albarka. Na ce to shi mutumin fa, Inna, an ce yana da iyali. Ta ce shi ya san tana da ɗa babba a ma'aikata, bai ko ji nauyinka ba. Ta ce shi kam a'a. Ba ta ƙara magana ba bayan wannan.

Ban faɗi sunanka ba, yadda ka umarta.

Ga firjinka nan na ba direba, da mayafinsa. Zaren na kwashe.

Auta